Kariyar Bayan Rumbun Inna

Ranar da kariyata ta fara fure, ina shirin fita aiki ne, har na saka takalmi ɗaya. Watan Afrilu ne, irin safiyar Dogon Dutsi da tun ƙarfe bakwai bangon ɗaki yake ɗaukar ɗumi. Na leƙa tukunyar da take ciki a gefen randa, yadda na saba leƙawa kullum wata bakwai ke nan, sai ga fure guda ya buɗe a kan reshen. Na durƙusa na duba, na goge tabarau na sake dubawa. Fari-fari ne, da ɗan ja a baki-baki wanda bai kai ya kawo ba. Kariyar Inna kuwa ja ce wur, kuma saboda jan nan na yanko reshen.

A gidanmu na ƙauye, can gefen Matankari, kariya biyu ne a bayan rumbu. Kariya dai ba wani babban icce ba ne. Gindi gare ta mai kauri, da rassa gajeru masu ruwa a jiki. Da damina takan cika da ganye, da rani ta zubar, ta fito da fure a kan rassa tsirara. Awaki ba sa taɓa ta, don ruwanta dafi ne. Ɗaya daga cikin biyun ta kakata ce, uwar mahaifinmu, wadda 'yar bori ce tun ƙuruciyarta har ta koma ga Allah. A gindin wannan take zuba wa doguwarta, iskar da ke hawanta, fura, kuma furenta fari ne mai ɗan ja. Ɗayar ta Inna ce, mahaifiyata. Wata ƙawarta ce ta ba ta reshen, ta dasa shi dab da ta tsohuwa a shekarar da kawuna ya ɗauke ni zuwa Dosso don in shiga lakwal, makarantar boko, ina da shekara bakwai. Inna ba ta bori, ba ta zuba wa kowa fura. Ita furen kawai take so, duk da dariyar da matan gidan ke yi mata wai tana kiwon abin da ba a miya da shi.

Tun daga wannan tafiya ban sake zaman gida ba. Na yi karatu a Dosso, na yi a Yamai, na zama ungozoma, aka yi ta jefa ni garuruwa, daga Damagaram har Agadas. Amma kowace shekara cikin Disamba sai na zo. Da shi nake ɗaukar konjena, hutun aikina na shekara. Mota takan sauke ni a bakin hanya, in shigo da jaka, abin da zan fara gani ta saman darni shi ne jan furen nan, sannan Inna da lalle a ƙafa tana dariya, tana cewa na rame. In an ce min gida, wannan nake gani.

Shekara da shekaru ina rubuta takarda a maido ni kusa. Takardar ta fito, an ba ni Dogon Dutsi, sai dai Inna ta riga ta rasu da sati uku, cikin tsakiyar damina. Har yau in na tuna wannan sati ukun sai in ji ina neman wanda zan yi wa faɗa.

Ranar sadakar arba'in na yanko reshen. An watse, maigidana yana cikin mota yana ta danna oda, hadari ya haɗu a gabas, shi kuma tsoronsa kada koramar hanya ta kawo ruwa ta tsare mu. Na karɓi wuƙa a hannun matar yayana na zagaya bayan rumbu. Duka biyun sun cika da ganye, babu fure ko ɗaya, kuma shekarun nan da suka yi kusa da juna rassansu sun shiga cikin juna. Kamata ya yi in durƙusa in bi reshen da hannu har gindinsa. Ban yi ba. Na kama wanda ya fi kusa da ɓangaren ta Inna, na yanke, na naɗe a leda, na ruga mota.

Da sanyin shekarar reshen bai yi fure ba, saiwa yake kamawa. Ban damu ba, na ce in ma ya ƙi, ai uwar tana nan. Sai cikin Fabrairu na ji labari yayana ya tone su duka biyu, zai gina wa ɗansa ɗakin aure a wurin. Na kira shi a waya nan take.

"Icce dai?" ya ce. "Don icce kika kira ni da tsakar rana?"

"Yaya, ta Inna fa."

"Ta Inna da ta tsohuwa duk sun zama ɗaya. Wurin da anka yi shekaru ana zuba ma iska hura, ba ni kai amarya kusa da shi. Na hidda su na sa wuta."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi ba. Daga ranar, reshen da ke cikin tukunyata shi kaɗai ya rage. Shi ya sa da na ga farin furen nan da safiyar Afrilu na kasa tashi. In ba ta Inna ba ce, to na bar ta Inna an ƙone, na kwaso ta doguwa na kawo gidana na ajiye gefen randar da muke sha.

Maigidana ya fito da kofin shayinsa ya tsaya a kaina. Ma'aikacin ofis ne, mutum mai sanyin rai, irin sanyin da wani lokaci yake ƙona ni.

"To Madam, ga shi ta yi hure. Mi kuma?"

"Ba ita ba ce."

"Hure dai hure na. In ta tsohuwa ta, sai mu riƙa dama mata hura da sahe, mu zauna lahiya."

Na yi masa kallon da ya sa ya koma ɗaki da shayinsa. Ni ba tsoron doguwa nake ba, ko dai in ce ba shi ne babba ba. Na yi karatu, ina salla, na karɓi haihuwa a wuraren da babu ko fitila. Amma wanda ya tashi a Arewa ya ce maka in ya wuce wurin da ake zuba wa iska abu ba ya ɗan ɗauke ƙafa, ka ƙyale shi da maganarsa. Abin da ya fi cina shi ne ni da hannuna na yi kuskuren, don gaggawar minti biyu.

Daga nan na shiga rashin zama. Na ce ko rana ce ta yi mata yawa, na ja tukunyar zuwa inuwar darbejiya. Fure na biyu ya fito, ya fi na farko fari. Na ce ashe inuwa ce ba ta so, na maido ta tsakar gida. Kwana uku na kai ta bayan madafa, na dawo da ita. Tukunyar ƙasa ce mai nauyi, har ta yi wa tsakar gidan zane-zane. A wurin aiki ina auna cikin mace, hankalina yana gida. In na tashi ba na tsayawa gaisawa a bakin ƙofar likita, wato asibitinmu, babur ɗin kabu-kabu nake tarewa in zo in ga ko wani ya buɗe.

Sai na ce yunwa ce. Na sayo takin zamani na barbaɗa. Na ce ƙishirwa ce, a wannan zafin wa zai yi ja? Na shiga ba ta ruwa safe da yamma, alhali famfon unguwarmu sai ya kwana biyu bai kawo ba, ruwan da muke tarawa a bido, wato jarka, nake ɗiba. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa abokan aikina ba. Wata rana na jiƙa zoɓo ya yi ja sosai, na tace, na zuba mata a gindi. Ni da na san yadda jini ke zagaya jiki, na tsaya da kofi a hannu ina fatan jan zoɓo ya hau icce ya fito a fure. Maigidana ya gani ta taga. Da yamma ya tambaye ni ko a ƙaro sukari.

Cikin sati uku furannin suka zube. Na taɓa gindin reshen, na ji ya yi laushi, yatsana yana shiga. A lokacin ne tsoro na gaske ya kama ni. Ko ta wa ce, ina kashe ta.

Akwai wani tsoho Kirista da ke kula da garkar mishan, wanda na karɓi haihuwar jikarsa a watan da na zo garin. Tun daga nan in ya gan ni sai ya tsinko min lemun tsami. Na ɗora tukunyar a bayan kabu-kabu, ina riƙe da ita a cinya, na kai masa. Ya matsa gindin da babban yatsa, ya sunsuna ƙasar, ya dube ni.

"Ɗiyata, mi kinka zuba mata?"

Na faɗa masa ruwa da taki. Zoɓon na riƙe a cikina.

"Wa yac ce miki kariya tumatir ta? Wagga bisa dutsi take rayuwa. Ruwanta na cikin jikinta."

Ya zare ta daga tukunyar, ya kawo wuƙa ya yanke ruɓaɓɓen har ya kai ga farin nama, ya shafa toka. Ya ce in bar ta a inuwa kwana biyar ba ƙasa ba ruwa, sannan in dasa a rairayi, kuma in ɗaure hannuna. Sai na ba shi labarin kariya biyun, na tambaye shi ko zai iya gane wacce ce.

"Da ganye ba a ganewa. Da huren bazara ma ba a ganewa. Zahi shina cinye jan hure, Madam. Dibi waɗancan." Ya nuna min wasu furanni da suka hau bangon coci, sun koɗe kamar tsohon zane. "Da Kirsimati in kin gan su sai ki ce wasu na. Ki jira ɗari. In ja ta, za ta gwada miki."

"Baba, ɗari fa sai nan da wata bakwai."

"To ni na aje shi can?"

Na dawo da reshena a leda, ya rage bai fi tsawon tafin hannu ba. Maganar tsohon ta shiga kunnena amma ba ta zauna ba. Ni ai na san kariyar Inna. Shekara talatin da wani abu ina ganinta, ban taɓa ganin ta koɗe ba. Na ce a raina tsoho yana lallashina ne kawai.

Wadda ta rage da za ta iya raba min gardama ita ce Iya, ƙanwar Inna, da ke aure a wani ƙauye kusa da Dumega. Ita ta fi kowa zuwa wurin Inna. Ranar wata Asabar cikin Mayu na shiga mota, da hoton furen a wayata. Tun a hanya na fara ganin abin da ban saba gani ba. Gonakin da na sani da kara da rumbuna cike, sun zama fili fetal. Shanu a tsaye ƙarƙashin gawo, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. A bakin rijiyar ƙauyen mata sun yi layi, igiyar guga tana ta tafiya ba ta ƙarewa.

Na wuce Iya a ƙofar gida ban gane ta ba. Wata tsohuwa na gani da tulu a ka, wuya duk jijiya, na gaishe ta zan shige, sai ta kira ni da sunan da Inna kaɗai ke kirana da shi. A sadakar arba'in na gan ta da jikinta. Yanzu zanen da ta ɗaura ya zagaye ta har ya yi saura.

"Iya, ba ki da lafiya ne?"

"Lahiyata lau. Bazara ta dai. Mi ya hiddo ki cikin wanga zahi?"

Bayan na sha ruwa na ciro wayar na nuna mata. Ta kai ta nesa da ido, ta kawo kusa.

"Wanga ai huren kariyar uwarki na."

"A'a Iya, ta Inna ja ce. Wannan irin ta tsohuwa ce."

"Da ɗari take ja. Da bazara haka take komawa, ita da ta tsohuwa ba ka rarrabe su. Ban ce miki lalle ita ta ba, sai ɗari ya zaka a gani. Amma haka take yi." Ta miƙo min wayar. "Ke dai ba ki taɓa ganinta cikin zahi ba. Yaushe kinka zo gida da bazara?"

Na buɗe baki in ba ta amsa. Na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Ina 'yar lakwal, da babban hutu nake zuwa, cikin damina, sai kuma Disamba. Ƙaramin hutun da ke faɗowa cikin zafi a Dosso nake yin sa. Da na fara aiki, Disamba kawai. Sau da yawa nakan ce zan zo a Afrilu, amsar kuma ɗaya ce kullum, har na haddace ta: zauna can, zafi ya yi yawa, hanya ba daɗi, ki bari sai ɗari.

"Ita ke hana ni," na ce.

"Ita ka hana ki. Kin san don mi?"

Na girgiza kai. Iya ta gyara zama ta jingina da bango.

"Yadda kinka gan ni yau, uwarki ta hi haka. Ita jikinta bai riƙe zahi. Hatsi ya ja baya cikin rumbu, rijiya ta yi nisa, abin da kinka aiko ta sa ma jikoki a baki. Dare ba ta kwana don tari. Na ce mata ki bari ɗiyarki ta zo ta gani, ai aikinta na. Ta ce in kin gan ta haka ba ki barin ta, sai kin ɗauke ta zuwa birni, ita ko ba ta barin ɗakinta. Ko kuma ki bar aikin ki dawo, karatun ya tahi banza. In kaka ta yi, ta ci sabon hatsi ta murmure. Sati biyu kahin ki zo tana shiri, ta sa lalle, ta kama zabo ta ɗaure. Kin zo kin iske ta tana dariya."

Ta faɗe shi ba tare da ta ɗaga murya ba, tana korar ƙuda daga bakin kwanon ruwa. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, da haushi. Haushin Inna da ta yi min wayo shekara talatin, da haushin kaina da wayon ya yi min daɗi. Ban taɓa matsawa ba. In ta ce zauna can, wani sauƙi nake ji, don ni ma ba na son zafin hanyar. Ni da nake duba idon matan wasu in ce musu jininsu ya yi ƙasa, ban taɓa ganin idon uwata a watan da ya kamata in gani ba.

Na kwana ɗaya na dawo. Reshen na nan a rairayi yadda tsoho ya ce. Ɗaure hannun nan ya fi komai wuya. Sai in ɗauko moɗa in tsaya a kansa, in mayar. Damina ta sauka, na ja tukunyar ƙarƙashin rumfa don kada ruwa ya yi mata yawa, wannan ne kawai motsin da na yarda na yi mata. Ta fito da ganye huɗu, sannan bakwai. Na shirya da yayana a wani suna, ba mu tada maganar ba. Kaka ta wuce, ganyen ya yi rawaya ya zube, na sake shiga zullumi ko mutuwa take. Tsohon mishan ya ce in bar shi ya huta.

Cikin Disamba, da safiyar da sai da na ɗumama ruwan alwala, na ga toho uku a kan reshen. Kwana biyar ina zagaya su. A na shida ɗaya ya buɗe, ja wur, jan da nake hangowa ta saman darni. Ta Inna ce. Na zauna a ƙasa kusa da tukunyar na yi kukan da ban samu yi ba ranar rasuwa. Maigidana ya fito, ya duba furen, ya dube ni, wannan karon bai yi zolaya ba, ya ajiye min shayinsa ya koma.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma murnar ba ta cika yadda na zata ba. Ina kallon jan nan ina tuna lalle da zabon da aka ɗaure. Wancan farin da na tsana, na yi ta jan sa daga inuwa zuwa rana, na ba shi zoɓo don ya canja, shi ne wanda Inna ke gani ita kaɗai in ta dawo daga rijiya.

A wannan shekarar ban ɗauki konje a Disamba ba. Na bari sai da Afrilu ta kama, kariyar ta sake fito da furenta koɗaɗɗe, na kai wa majo, shugaban likitarmu, takardata. Ya duba watan ya ce wa ke zuwa ƙauye yanzu, ko fanka babu. Na ce ya sa hannu kawai. Na sayi buhun hatsi, da maganin ƙarin jini, da abin awon jini a jaka. Sai da mota ta fita gari ta kama hanyar Dumega na kira Iya na ce ina tafe, sati uku zan yi.

"Haba ɗiyata," ta ce. "Zamna can. Zahi ya yi yawa, hanya ba daɗi. Ki bari sai ɗari."

Na ce mata na riga na shiga mota.